Zauren da Ya Riƙa Haɗiye Magana: Yadda Gyaran Gini Ya Kori 'Yan Kallo, da Yadda Suka Dawo

## Kafin gyara

Ƙungiyar da wannan nazari ya shafa ta masu sa kai ce a wata unguwa: marubuta waƙa, 'yan wasan kwaikwayo, makaɗa huɗu, da ajin yara masu koyon rera waƙa. Shekara da shekaru suna haɗuwa a zauren taron unguwar, ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata su buɗe ƙofa ga kowa. Ni nake riƙe da littafin rajistar bakin ƙofa, don haka alkaluman da za a gani daga hannuna suka fito. Ba zan ambaci sunan wurin ko na kowa ba.

Tsawon zauren mita 20 ne, faɗinsa 12, daga ƙasa zuwa silin kuma mita 5. A ido ba abin yabo ba ne. Silin ɗin na allo ne mai laushi wanda yoyon ruwa ya ɓata. Bencina na katako, da tsohon kushin a kansu. Akwai kafet da ya sha jiki a tsakiya, bangon baya kuwa kantocin littattafai sun rufe shi kaf. Tagogi kullum a buɗe suke, don rabin gilasansu sun fashe. A shekarar da ta gabaci gyaran, masu zuwa daren wata-wata ba su gaza 110 ba, ba su wuce 130 ba.

Wanda ya fi jan jama'a wani dattijo ne da ya haura saba'in, mai karanta waƙoƙin da ya rubuta da hannunsa. Kowa Baba yake ce masa. Ba ya riƙe makirufo. Yakan tsaya a bakin dandamali, hannu ɗaya a baya, in ya zo kan baitin da ya fi nauyi sai ya sassauta murya maimakon ya ɗaga, kuma na bencin ƙarshe su ji shi tsaf.

## Gyaran da ranar buɗewa

Aka tara kuɗi, aka rufe zauren wata huɗu. Aka sauke tsohon silin aka sa na roba mai santsi. Aka shimfiɗa tayil daga ƙofa har kan dandamali, aka yi sabuwar filasta aka bi ta da fenti mai sheƙi. Littattafai suka koma wani ɗaki, bencina aka raba wa masu so, aka kawo kujerun roba. Tagogi suka sami sababbin gilasai, aka kuma riƙa rufe su saboda ƙura da hayaniyar titi.

Ranar buɗewa mutum 205 na rubuta. Zaure ya cika har da na tsaye. Kowa ya yaba, kuma an ji abin da aka faɗa, duk da wasu sun ce muryoyin sun ɗan yi musu nisa. Aka ɗora wannan kan cunkoso.

## Wata na 2 zuwa na 6: an canza shiri, an canza mutane

Wata na biyu mutum 118 suka zo, na uku 84, na huɗu 61. Abin da ido ke gani shi ne, in 'yan wasa suka saki abin dariya, layi uku na gaba ne ke dariya, sauran sai kallon juna. Lokacin karatun Baba, a wata na uku, wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Baba, a ƙara ɗagawa, ba ma ji!" Ya ɗaga. Na bayan suka ƙara kasa kunne, suka girgiza kai.

Kwamiti ya zauna, aka kawo dalilai uku. Wasu suka ce shirin ya tsufa, kullum fuskoki ɗaya. Wasu suka ce waya ta ɗauke hankalin mutane. Wasu kuma, cikin sassauta murya, suka ce shekaru sun fara cin muryar Baba. Aka yi aiki da dukan ukun: aka gayyato matasan mawaƙa daga wata unguwa, aka riƙa tallata daren a Facebook da WhatsApp, aka rage lokacin Baba daga minti ashirin zuwa biyar. A wata na biyar aka yanke a hutar da shi gaba ɗaya.

Ina tsaye lokacin da shugaban kwamiti ya faɗa masa. Ya rusuna, ya ce, "Baba, mun ga kamar ka ɗan huta tukuna, yara su karɓe ka." Baba ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya ce, "Ba komai, ɗana, Allah ya yi muku albarka. Ni ma na lura. Ko kaina ba na ji sosai in na hau can."

Wata na biyar mutane sun ɗan ƙaru zuwa 72, saboda baƙin mawaƙan sun zo da nasu jama'ar. Na shida suka sauka zuwa 49.

## Wata na 7 zuwa na 9: manyan lasifika

Tun da kukan kowa "ba ma ji" ne, sai aka ce a sayo abin da zai sa a ji. Aka kawo manyan lasifika biyu, amfilifaya ɗaya, makirufo uku. Aka ajiye lasifikan a kusurwoyin bayan dandamali, wato a bayan masu magana, suna fuskantar bangon ƙarshen zaure kai tsaye. Har gangar ma aka kafa mata makirufo.

Ƙara dai ta samu, amma magana ba ta fito ba. Kalma na hawa kan kalma kamar ana magana cikin rijiya. Da an ɗan murɗa amfilifaya sai lasifika ta saki wani kuka mai huda kunne, domin makirufon na ɗaukar abin da lasifikar ta fitar yana mayar mata, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi ta sake fitarwa. Yara suka riƙa toshe kunne da yatsa. Wani matashi ya auna da manhajar wayarsa a kusa da lasifika lokacin kiɗa, ya ga ya wuce desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Waya ba ma'aunin ƙwararru ba ce, amma adadin ya tayar da hankali, domin ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ga wuraren kiɗa da nishaɗi ita ce kada matsakaicin ƙara cikin minti 15 ya wuce desibel 100. Maƙwabta biyu suka kawo ƙorafi. Rajista ta nuna 58, sannan 40, sannan 33.

## Wata na 10: kiret ɗin ƙwai

Wani ya ce ya taɓa gani a intanet ana manna kwalin ƙwai a bango don gyara sauti. Matasa suka tara kiret kusan ɗari uku, suka kwana biyu suna mannawa a bangon baya. Da aka gwada, babu wanda ya iya cewa ga abin da ya canza. Sai aka kawo shawarar a sayo soso mai araha a lulluɓe bangon duka.

Nan wani mamba da ya taɓa aikin kashe gobara ya miƙe ya ƙi. Ya tuna wa kwamiti gobarar gidan rawa na The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, a watan Fabrairun 2003, inda wutar ado ta masu kiɗa ta kama soson da aka manna a bango don tare sauti, mutum 100 suka mutu. Ya ce soso irin wannan da kwali busasshe, a ɗaki mai ƙofa biyu cike da yara, ba zai sa hannu ba. Aka bar zancen soso, aka ɓamɓare kwalayen.

## Wata na 11: daren da aka yi a waje

Wayoyin wutar zauren suka sami matsala kwana biyu kafin daren wata-wata, babu lokacin gyara. Aka fito da kujeru harabar waje, aka kunna fitilu masu caji, yara suka yi ɗan wasansu ba lasifika ba makirufo. Mutum 37 ne. Dariya ta tashi daga layin gaba har na ƙarshe a lokaci guda, abin da rabon mu gani tun kafin gyara.

Cikin masu kallo akwai wata malamar kimiyya a makarantar sakandare, wadda 'yarta ke cikin wasan. Bayan an tashi ta sami shugaban kwamiti ta ce, "Alhaji, yaran nan su ne dai na watan jiya, muryarsu ba ta canza ba. Me ya canza?" Ya ce, "Wallahi Malama, sai dai wurin." Ta ce, "To a ba ni mabuɗin zauren dare ɗaya."

Ba a iya ci gaba da zama a waje ba. Watan da ya biyo baya ruwan sama ya mayar da mu ciki.

## Wata na 12: awo

Mu huɗu muka shiga da daddare, bayan titi ya yi shiru. Malama ta zo da balan-balan goma da allura. Ta sa aka rufe tagogi, ta ajiye wayarta tana naɗar sauti, ta fasa ɗaya a tsakiyar zaure. Ƙarar ta ƙi mutuwa. Ta yi ta yawo a samanmu har na ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci tana nan. Aka maimaita a wurare biyar. Da ta duba abin da ta naɗa, sai ta ce wutsiyar sautin, wato ragowarsa da ke ci gaba da yawo a ɗaki, ta kai kusan sakan 4.

Ta zaunar da mu a bakin dandamali ta yi mana bayani. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, don haka a zaure mai tsawon mita 20 yana iya ratsa shi daga bango zuwa bango sau goma sha bakwai kafin sakan ya cika. Duk abin da ya doka, ko dai ya shanye wani ɓangare nasa ko ya dawo da shi. Tayil da filasta mai fenti kashi biyu ko uku cikin ɗari kawai suke sha, su mayar da sauran. Mai magana a natse kuwa yana furta gaɓa huɗu zuwa biyar a sakan guda. Ke nan kafin gaɓa ɗaya ta mutu, goma sha wani abu sun hau kanta. Wasula suna da ƙarfi da tsawo, baƙaƙe kuma gajeru ne marasa ƙarfi, alhali su ne ke raba kalma da kalma. Wutsiyar wasalin da ya wuce sai ta danne baƙin da ke biye, mai sauraro ya ji "a-a" da "i-i" amma ya kasa tantance "kara" aka ce ko "tara" ko "fara".

Ta ce matsalar tsohuwa ce, kuma an daɗe da gano kanta. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran ɗakin lacca na gidan adana kayan fasaha na Fogg, inda kalma ke kai fiye da sakan biyar tana yawo. Shi ma da daddare ya riƙa aiki, yana ɗebo kushin ɗin kujeru daga wani zauren jami'ar, yana busa sauti da bututu yana auna lokacin da agogo. Daga nan ya fitar da lissafin da ake amfani da shi har yau, kuma da shawararsa aka gina babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Lokacin da ake aunawa shi ne wanda sauti ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60. Ɗakin magana ana son ya tsaya wajen sakan ɗaya ko ƙasa da haka, manyan zaurukan kiɗa kuma suna kai wajen sakan biyu.

Lissafin ba wuya: a ninka tsawo da faɗi da tsayi, a ninka abin da ya fito da 0.161, a raba da yawan abin da ke shan sauti a ɗakin. Ana auna wannan na ƙarshen da murabba'in mita na taga a buɗe, domin sautin da ya fita ta taga ba ya dawowa. Namu zauren 1,200 ne, in an ninka ya ba da 193. Tun da awo ya nuna sakan 4, duk abin da ke shan sauti a cikinsa bai wuce tagar murabba'in mita 48 ba.

Sai ta tambaye ni alkaluman rajista. Mutum ɗaya a zaune, da jikinsa da tufafinsa, yana shan sauti kusan kamar rabin murabba'in mita na buɗaɗɗiyar taga. Ta lissafa a bayan wata takarda: ranar buɗewa, da mutum 205, wutsiyar ba ta kai sakan ɗaya da rabi ba. Da mutum 100 ta kai kusan sakan 2. Da mutum 33 ta kai sakan 3.

Kafin a kashe ko sisi, ta ce a gwada. Ranar Asabar mambobi suka kawo barguna, katifu da tsofaffin labule daga gida. Aka ɗaura igiyoyi aka rataya, aka jingina katifu a bangon baya. Balan-balan ta sake fashewa, wutsiyar ta sauko ƙasa da sakan 2. Wata yarinya ta hau dandamali ta karanta kalmomi ashirin da aka zaɓa masu kama da juna, mutum shida a layin ƙarshe suna rubutawa. Da barguna, mafi ƙarancinsu ya sami 17. Da aka sauke su aka karanta wasu ashirin ɗin, wanda ya fi kowa ya sami 11.

## Wata na 13 zuwa na 15: aikin

Burin shi ne sakan ɗaya in mutum 100 na zaune, wato ana buƙatar ƙarin murabba'in mita 100 na abin shan sauti. Aka raba shi uku.

Tela ya ɗinka labule masu nauyi da suka rufe murabba'in mita 80 na bangon gefe. Malama ta dage kan abu biyu: a yi su da tattara, yadin ya kusa ninka faɗin bangon, kuma a rataye su da tazarar taƙi guda daga bango. Dalilinta, yadi yana shan sauti ne ta hanyar gogayya da iskar da ke motsi a cikinsa, a jikin bango kuwa iskar kusan a tsaye take. Aka ɗora su kan ƙarfe mai zugewa.

Kafinta ya haɗa firam na katako, aka cika su da audugar dutse mai kaurin santimita goma, irin wadda ake sawa cikin rufi don tare zafi kuma ba ta ci da wuta, aka lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa. Gwajin yadin shi ne a kara shi a baki a hura, in iska ta wuce ya yi. Murabba'in mita 50 aka yi, mafi yawa a bangon baya, sauran a silin. Sannan aka shimfiɗa kafet a dandamali da hanyar tsakiya. Tsohon ɗan kwana-kwanan ya duba komai, ya sa aka nisanta labule daga fitilu, aka ajiye tukunyar kashe wuta a kowace ƙofa.

Lasifikan ba a sayar ba. An dawo da su gaban layin makirufo, an ɗaga su sama, an karkato da su su kalli kawunan mutane maimakon bango, an rage ƙarfi sosai. An cire makirufon ganga.

A daidai wannan lokacin muka bi tsofaffin sunayen rajista gida-gida, mutum arba'in. Goma sha tara cikinsu, yawanci manya, sun ce sun daina zuwa ne don sun ɗauka kunnensu ne ya fara nauyi, kuma sun ji kunyar faɗa. Biyu har sun je an duba musu kunne.

## Wata na 16 zuwa na 21: abin da ya biyo baya

Awo bayan aiki ya nuna sakan 1.3 a zaure babu kowa. Rajista ta tafi 52, 77, 96, daga nan ta zauna tsakanin 100 da 120. Ƙorafin maƙwabta ya tsaya.

Shugaban kwamiti da kansa ya je gidan Baba, ya ce, "Baba, mun yi maka laifi, mun zo ka yafe mana." A wata na 17 ya dawo dandamali. Aka miƙa masa makirufo, ya ɗaga hannu ya ce a bari. Da ya zo baitin da yakan sassauta murya, na je na tsaya a jikin ƙofar baya, kusan mita ashirin daga inda yake, na ji kowane harafi.

## Me ya gaza, me ya yi aiki

Gyaran farko ya kwashe duk abin da ke shan sauti a lokaci guda: silin mai laushi, kushin, kafet, littattafai, har fasassun tagogin. Ba wanda ya san suna wani aiki, don haka ba wanda ya yi tunanin maye gurbinsu. Ranar buɗewa kuma ta rufe mana ido, saboda jikin mutum 205 ya yi aikin da labule za su yi daga baya. Da mutane suka fara raguwa sai sautin ya ƙara lalacewa, lalacewar ta ƙara korar wasu. Wannan ne ya sa faɗuwar ta yi kama da gajiyar 'yan kallo a hankali, alhali gini ne.

Lasifika ta gaza ne domin tana ƙara ƙarfin murya da na wutsiyarta daidai wa daida, ga shi an saita ta tana dukan bango mafi tauri. Kwalin ƙwai ba shi da kauri ko laushin da zai sha wani abin kirki, siffarsa ce kawai ta yi kama da soson ɗakin naɗar waƙa. Abin da ya yi aiki awo ne kafin saye, da gwajin barguna da ya sa kwamitin da ya riga ya yi asara sau biyu ya yarda ya sake buɗe asusu.

Kuskuren da ya fi mini ciwo, kuma ina cikin waɗanda suka yi shi, shi ne mun bar jaki muna dukan taiki. Wata goma sha ɗaya ina rubuta adadin masu shigowa, ban taɓa bin ko mutum ɗaya da ya daina zuwa na tambaye shi dalili ba. Mun zauna mun yanke hukunci kan muryar dattijo ba tare da ɗayanmu ya je layin ƙarshe ya saurari wani matashi don kwatantawa ba, har shi ma ya yarda cewa laifin nasa ne.

Akwai abin da bai warware ba. Babbar ganga har yanzu tana rugugi a kusurwoyi, domin amo mai kauri zangonsa ya kai mita uku da wani abu, labule ba su iya masa. Ajin yara masu rera waƙa kuma sun ce zauren ya bushe musu, muryoyinsu ba sa haɗuwa kamar da. Don haka in lokacinsu ya yi, yara biyu kan ruga su zuge labulen gefe, in za a koma karatu ko wasa su sake ja. Kafinta ya auna kusurwoyi huɗun don akwatuna masu zurfi na ganga, ana jiran zaman kwamiti na gaba.